Ranar da Aka Aike Ni In Kira Kaina

Wata ranar Laraba ce cikin kakar 2023, an gama girbin gero ana ta ɗaurin dammuna, na taso daga makarantar da nake koyarwa wajen ƙarfe biyu da rabi, na hau ɗan babur ɗina na nufo gida cikin garin Kebbe. Ina karyo kwanar lungunmu sai na hango tabarmi biyu shimfiɗe a inuwar dogon-yaron da ke ƙofar gidanmu, dattawa huɗu suna zaune, ga takalmansu jere a gefe, ga ƙullin goro a gaban babbansu. Nan take gabana ya faɗi, domin na tuna ashe yau ce ranar da mutanen Dogon Daji suka ce za su zo neman auren 'yar wana marigayi, wadda riƙonta ya dawo hannuna tun rasuwarsa a daminar 2022. Ni a lissafina sai bayan la'asar za su iso, su kuwa sun dace da mota da wuri.

Na kafe babur, na durƙusa na gaishe su. Babbansu, wani tsoho mai farin gemu da rawani, wanda daga baya na gane kakan yaron ne, ya amsa gaisuwata da fara'a, ya dube ni sama da ƙasa, sa'an nan ya ce, "Madalla samari. Shiga ka gaya ma maigida baƙinai na Dogon Daji sun iso."

To me zan ce? Na ce, "To, Baba." Na shiga gida in kira maigida.

Bari in gaya wa mai karatu abin da tsohon nan ya gani. Ya ga mutum sanye da wandon jins, da riga mai gajeren hannu, da takalmi kambas, a kansa kuma ga baƙar hana-sallah mai tambarin wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Ingila. Abin da bai gani ba shi ne mai waɗannan kaya shekarunsa 44, 'ya'yansa shida, ya shekara 19 da alli a hannu, kuma duk gidan nan babu namijin da ya girme shi. Na iske Inna a tsakar gida tana tsince wake, ashe duk abin da aka yi a kunnenta. Ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Ai ga irinta nan. Tun yaushe nika ce maka ka yar da wagga tagiya ta 'yan ƙwallo? Wanka ya tahi, yanzu kai ab babba, amma kana yawo awa ɗan aike."

Na faɗa ɗaki na buɗe adakar marigayi, na zaro babbar rigarsa da tagiyarsa na zura, na fito ina gumi. Mutum uku daga cikin baƙin suka sunkuyar da kai, ɗaya har yana tari don kada dariya ta kuɓuce masa. Tsohon nan kuwa ko gezau. Ya gyara zama, ya miƙo mini hannu biyu, ya ce, "Maigida, mun iske ku lahiya?" kamar dai bai taɓa ganina ba a duniya. Aka yi maganar da ta kawo su, aka raba goro, aka tsai da rana, suka tafi. Har suka bar ƙofar gidan babu wanda ya tambayi inda yaron da aka aika ya shiga.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Da a ce dariya suka yi mini da abin ya zo da sauƙi, sai in ce mutanen ƙauye ne ba su san zamani ba. Rufin asirin da tsohon ya yi mini shi ya hana ni sakat, saboda ya nuna mini wani abu da shi yake da shi ni ba ni da shi. Kuma abin bai tsaya a kaina ni kaɗai ba. Marainiya ce za a kai gidan mutanen nan, duk ranar da wata matsala ta taso tsakaninta da miji ko dangin miji, ni za a kira, da irin idon da suka dube ni kuma da shi za su dube ta.

Mu nan ƙasar Sakkwato tagiya muke cewa, mutanen Kano su ce hula, to kada mai karatu ya ga ina cakuɗa su ya ce malamin makaranta bai san daidaitacciyar Hausa ba. Ita kuwa hana-sallah kowa ya san inda ta samo sunanta: bakin nan nata da ya yi gaba ba ya barin goshi ya taɓa ƙasa, sai an cire ta ko an juya ta ƙeya kafin a yi sujada. Na fara sa ta tun ina ɗalibi a Sakkwato ina karatun difloma ta koyarwa. Idan an tambaye ni dalili, ina da amsoshi a shirye: tana tare rana, iska ba ta fizge ta a kan babur, ba a kai ta wurin mai wankin hula, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Duk gaskiya ne. Amma akwai dalilin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau da na ɗauki alƙalami, wato tun ina ɗan shekara 35 sanƙo ya fara cin tsakiyar kaina, furfura kuma ta tsiro a gefe da gefe. Tagiya irin ta manya idan ka sa ta furfurar gefe tana leƙowa, ta tona maka asiri. Hana-sallah kuwa tana sauka har kunne, ga inuwar bakinta ta rufe tamojin goshi. Ga dayis da nake shafawa duk ƙarshen wata, a ɓoye, kamar mai shan magani. In taƙaice, ina son in zama Malam ɗan gaye wanda ɗalibai ke cewa ba ya tsufa.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, abin rufe kansa uku ne, kuma kowanne ya san ranarsa. Akwai malafa ta kaba, mai faɗin baki da igiyar fata da ake ratayawa a haɓa, ita ce ta gona da cin kasuwar ƙauye. Akwai 'yar farar nan tashi-ka-fiye-naci da wani alhaji ya kawo masa tsarabar Makka, ita ce ta masallaci da zaman ƙofar gida. Sai jar dara da ke kwance cikin adaka a naɗe da tsumma, ba ta fitowa sai Sallah ko ɗaurin aure, irin wadda tun zamanin fatake ake ƙetaro hamada da ita daga Arewacin Afirka. Wani tsohon maharbi a unguwarmu kuma haɓar-kada yake sawa, idan hunturu ya kama ya sauko da kunnuwanta ya rufe nasa. Rawani kuwa ba a maganarsa, na sarakuna ne da malamai da tsofaffin da gari ya yarda da su, kuma na sarauta naɗa wa mutum ake yi, ba ya wayar gari ya naɗa wa kansa. A lokacin, daga nesa kana hango kan mutum ka san da wa za ka gaisa, da irin gaisuwar da za ka yi masa.

Sai dai kada in yi wa na baya ƙarya in ce su ba su san yayi ba. An haife ni a 1979, shekarar da Alhaji Shehu Shagari ya zama shugaban ƙasa, kuma garin Shagari nan yake kan hanyarmu ta zuwa Sakkwato idan an baro Tambuwal. Doguwar hular nan tasa sai da ta zama abin koyi har bayan da soja suka hamɓarar da gwamnatinsa a ƙarshen 1983, kuma ina tune da malamanmu na firamare suna kafa irinta, suna tafiya a hankali kamar masu ɗauke da tulu. Ba abin mamaki ba ne, shi ma malamin makaranta ne kafin siyasa ta ɗauke shi. Haka nan zanna-bukar da samari ke rububi a yau, ana danganta sunanta da Zanna Bukar Dipcharima, ɗan Barno da ya yi minista a Jamhuriya ta Farko. Ke nan hula ta daɗe tana bin manyan mutane, talaka kuma yana bin hula. Wani lokaci ma takan ɗora maka abin da ba ka nema ba. Na taɓa zuwa Kano wani taron malamai, na ce bari in sa jar darar mahaifina don tabarruki. Tun daga tasha ake ɗaga mini hannu ana kirari, wani mai shayi kuma ya ɗaure mini fuska, ashe a can jar hula ta zama tutar Kwankwasiyya. Ni da ko katin jam'iyya ban taɓa yanka ba.

To, mu koma kan labarina. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Albashin watan Disamba na shiga na hau mota sai Sakkwato, na shiga layin masu huluna a kasuwa da niyyar in sayo dattaku ko nawa ne. Mai shagon da na faɗa hannunsa ya san aikinsa. Ya fara nuna mini na inji masu araha, da ya ga ina taɓe baki sai ya jawo wata leda daga ƙarƙashin teburi, ya fito da wata doguwa, aikin hannu, mai zare ruwan gwal da shuɗi da kore, idan rana ta doke ta sai ka kau da ido. Ya ce aikin mutanen Bama ne, kuma irinta sai mai ɗinki ya yi makonni yana soka allura kafin ya gama. Wannan ba ƙarya ya yi ba. Bama ta yi suna a ɗinkin hula, kuma bayan da Boko Haram suka ci garin a watan Satumba na 2014, mutanenta da yawa da wannan sana'a suka riƙe kansu a sansanonin gudun hijira na Maiduguri. Duk wanda ya san wahalar da ke cikin hular ba zai ce an tsawwala ba. Amma aljihun malamin makaranta bai san wannan bayani ba. Muka daidaita a naira 28,000, na ba da 15,000, saura ya zama bashi saboda mai shagon ya san wani abokin aikina. Wannan fa watanni bakwai ke nan da janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, lokacin da zuba wa babur mai ya zama abin da sai an yi shawara. Na kuma tsaya wurin tela na ba da ɗinkin shadda, na ce a yi mini irin na zamani.

Da na dawo gida na kafa ta a gaban madubi, na ɗan karkata ta hagu kamar yadda na ga samari na yi, na fito tsakar gida. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, takara za ka tsaya?" Da ta ji kuɗin kuwa sai ta yi shiru, can ta ce a hankali, "Da ka ƙara kaɗan da an sayi katifar yarinyar nan." Wato amaryar da ake shirin kaiwa Dogon Daji. Wannan magana ta fi ta Inna zafi.

Duk da haka sai da na sa ta zuwa makaranta, tun da an riga an saya. Kafin mako ya zagayo ɗalibai sun raɗa mini suna Ciyaman. Shaddar da tela ya ɗinka kuwa ta ɗame ni tamau, idan na ɗaga hannu zan yi rubutu a saman allo sai in ji hammata na neman yagewa, tumbin da na daɗe ina musun akwai shi ya fito fili yana gaishe da jama'a. Ƙurar alli ta sauka a kan zaren gwal. A hanya mutanen da da muke gaisawa mu wuce suka fara tsai da ni, wannan matarsa ta haihu, wancan za a sallamo ɗansa daga asibiti, saboda sun ga alamar Malam ya samu. Ranar da mai shagon Sakkwato ya aiko a tuna mini da cikon kuɗinsa, hular tana kaina. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Wanda ya warware mini matsalar wani tsoho ne mai wankin hula a Tambuwal, wanda ke zama a wata rumfa da itatuwan nan masu siffar kai jere a gabansa, kowanne an kafa masa hula tana shan rana. Na kai masa ita ne don ya fitar mini da allin. Ya karɓa, ya juya ta, ya yaba aikin ƙwarai, sa'an nan ya dubi kaina ya ce, "Malam, wagga tagiya ba taka ta ba." Na ce tawa ce, da kuɗina na saya, ko da yake ban ce masa ban gama biya ba. Ya yi dariya, ya ɗauko awon tela ya zagaya kaina, ya ce kaina 22 da rabi ne, hular kuwa 23, shi ya sa take nutsewa har gira, ni kuma nake tura ta gefe. Ya ce fuskata gajera ce mai faɗi, doguwar hula sai ta mai da ni kamar turmi da taɓarya a tsaye. Daga nan, ba tare da na tambaye shi ba, hannunsa na ta aiki da buroshi, ya shiga ba ni karatu.

Ya ce shi shekarunsa sun fi 30 yana wanke kawunan mutanen garin nan, kuma hula kan gaya masa halin mai ita. Yaro yakan karya ta gaban goshi ko ya karkata ta, wannan ado ne kuma lokacinsa ne. Mai tura ta ƙeya ko dai gajiya ko rashin kula. Amma mutum idan ya haura 40 sai ya zaunar da ita daidai, tsakiya, ya bar furfurar gefe ta fito ta sha iska, don ita ce shaidar da ba a saye a kasuwa. Launi kuma ya zama mai sanyi, wanda zai bi riga uku ko huɗu, ba wanda zai riga mai shi shiga taro ba. Abin da ya fi jaddadawa shi ne bakin hula. Ya ɗauko wata mai tsada ta wani mai kuɗi, ya juya cikinta ya nuna mini baƙin zoben dauɗa da maiƙo ya yi, ya ce, "Ka gani? Ta dubu hamsin ta, amma in yad duƙa gaisuwa wanga aka gani." A ganinsa guda biyu masu sauƙin kuɗi, ɗaya a kai ɗaya wurin wanki, sun fi guda ɗaya ta alfarma da ba ta hutawa.

Na sha karanta littattafai a kan tarbiyya da halayyar ɗan Adam lokacin da nake neman difloma, amma ban tuna wani malami da ya yi mini bayani mai shiga kai irin na wannan tsoho ba. Shi ya samo wanda ya sayi hular Baman, da 'yar asara kaɗan, na biya bashina, na sayi biyu na inji, ɗaya ruwan toka ɗaya ruwan ƙasa. Canjin da ya rage aka zuba cikin kuɗin katifa.

A nan zan ɗan ratse in yi magana da 'yan'uwana marubuta, musamman masu tasowa. Ina karanta rubuce-rubucen da yawa daga cikinku, kuma na lura duk namijin da ya shigo labari, saurayi ne ko uban yarinya ko kakanta, kaya ɗaya ake sa masa: shadda, hula, agogo, turare. Alhali kuwa da marubuci zai tsaya ya ce ga irin hular, ga yadda aka kafa ta, ga halin da bakinta ke ciki, da ya huta da shafi biyu na bayanin hali. Ku je rumfar mai wankin hula ku zauna awa ɗaya.

Game da sauran tufafi ra'ayina a yanzu mai sauƙi ne, kuma ban ce dole kowa ya bi ba. Babbar riga ba ta aji ba ce, duk wanda ya gwada rubutu a allo yana tattare hannun riga ya san haka, sai a bar ta ga Juma'a da Sallah da zaman surukai. Ɗamammen ɗinkin nan kuma a bar wa masu cikin da ya yarda. Kaftani ko jamfa mai walawa, ko irin doguwar nan da aka raɗa wa tazarce a zamanin Abacha, na yadi mai sauƙi da ba ya jin kunyar alli, ya wadatar. Amma ina da ja da wasu tsararrakina da suka zarce ta ɗaya gefen, waɗanda tun ba su kai ko'ina ba sun ɗauki sanda, sun rataya dogon carbi, suna jan ƙafa suna magana ƙasa-ƙasa don a ce musu Baba. Wannan ma hana-sallah ce, an dai juya ta ne. Ni da na rina furfura da su da suke aron wadda ba su da ita, duk jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Dayis kam na daina. Watan farko ɗalibai suka yi ta leƙena kamar baƙo, wata yarinya 'yar aji uku har ta tambaye ni ko rashin lafiya na yi. Hana-sallar kuma babban ɗana ya gaje ta, kuma gaskiya ta fi yi masa kyau. Abin da ya rage shi ne rana, don tagiya ba ta tare ta, sanƙo kuwa ba ya wasa da zafin watan Afrilu na ƙasarmu. Sai na tuna da malafar mahaifinmu da ke rataye a zaure shekara da shekaru, wadda da nake jin kunyar a gan ni da ita saboda wai ni ɗan boko ne. Na kakkaɓe ta, na sa aka sake mata igiya. Da ita nake zuwa gona yanzu, wani lokaci har kan babur, a bisa tagiya, kuma ban ji wanda ya yi dariya ba, ko kuma ana yi bayan na wuce.

An ɗaura auren a farkon 2024, ni na ba da ita, cikin babbar rigar mahaifinta da tagiyata ruwan toka. A 2025 Allah ya ba su ɗa namiji, muka ɗunguma zuwa Dogon Daji wurin suna. Bayan an yi addu'a an shafa, ana rabon goro da dabino, tsohon nan ya sa aka kira ni kusa da shi. Ya riƙe hannuna, ya tambayi Inna, ya tambayi makaranta da damina, sa'an nan ya matso da bakinsa kusa da kunnena yadda ba mai ji, ya ce, "Malam, wai ina yaron nan da munka iske ƙohwar gida, mai tagiyar 'yan ƙwallo? Tun da munka aike shi ba mu sake ganinai ba."

Na ce, "Ya yi tafiya, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi, ya ce, "Allah shi kai shi lahiya. Yaro na mai ladabi."